Tsohuwar Kwamfutar Tana Ɗakina

Talata Mafara,
ranar Laraba.

Zuwa ga Mai Sunan Malam,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, Ya sa kun baro Mafara kun sauka lami lafiya, ba tangarɗar mota, ba mugun ji, ba mugun gani. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya kai ka Abuja cikin aminci, Ya sanya albarka a cikin aikin da za ka fara. Amin.

Na san inda kake a daidai lokacin da kake karanta ta. Kana Gusau, gidan gwaggonka Asabe, ka zuge baƙar jakar nan don ka ciro wa ɗanta Bashiru tsohuwar kwamfutarka kamar yadda ka yi masa alkawari, sai ka tarar da takarda da wani dutse naɗe cikin tsumma. Ba sata aka yi maka a tasha ba, kada ka tayar wa kowa hankali. Ni na cire ta da hannuna. Tana ɗakina a kan sif, ita da cajarta. Dutsen kuwa na sa shi ne don kada ka ji jakar ta yi sakayau ka buɗe tun muna gida. Ka san shi, shi ne wanda kakarka Inna ke tokare ƙofar ɗakinta da shi a Maradun. Zan zo kan maganarsa.

Ka san ni da kai ba mu saba zama mu yi doguwar magana ba. Kai ne na fari, a hannun Inna ka tashi, sunanka kuma na mahaifina ne, shi ya sa ban taɓa kama shi da bakina ba. Duk abin da na faɗa maka a tsaye, sai ka sunkuyar da kai ka ce "to, Hajiya", kuma na lura wannan "to" ɗin naka ladabi ne kawai, ba alkawari ba ne. Shi ya sa na zaɓi in rubuta. Takarda ba a ce mata "to" a wuce.

Shekaranjiya da la'asar ka shimfiɗa tabarma a tsakar gida kana nuna mana sabuwar kwamfutar da wurin aikinka suka aiko maka. Babanka ya juya ta a hannu ya ce wannan ai faranti ne, ina za a zuba shinkafar. Ka yi mana bayani cewa ba kamfaninsu ɗaya da tsohuwar ba, kuma tsarin da ke tafiyar da ita daban ne gaba ɗaya, ya fi sauri, ba ya kama cuta. Ka ce duk abin da ke cikin tsohuwar ka kwashe shi a filas, ɗan abin ajiyar nan da ake soka wa kwamfuta, ba abin da ya rage. Ka soka filas ɗin, hotuna suka buɗe, takardun makarantarka suka buɗe. Sai na ce ka kunna mana Inna.

Ka danna, wani ɗan akwati ya fito da rubutu. Ka sake dannawa, ya sake fitowa. Ba sai na sa tabarau ba, na yi aikin ofis shekarun da suka isa in gane akwatin da ke cewa ba zai buɗe ba. Ka ce ba komai, manhajar da ka ɗauki muryar da ita ce babu irinta a wannan tsarin, in ka isa Abuja za ka nemo wata da za ta buɗe. Na ce ka zauna gaban tsohuwar kafin ka tafi, ka juya hirarrakin nata zuwa irin sautin da kowace waya ke iya kunnawa. Ka ce to. Jiya ka tafi sallama Maradun, yau ka tafi Bakura wurin baffanninka, gobe da safe mota. Kuma da kunnena na ji kana gaya wa Bashiru a waya cewa da zarar ya karɓa ya wanke ta tas, ya ɗora mata sabon tsari, don ta yi nauyi.

Ina so ka tsaya ka gane abin da ke cikin wannan kwamfutar. Hirar da ka yi ta ɗauka da Inna a hutunka na ƙarshe kafin ta rasu, ita kaɗai ce muryarta da ta rage a duniya. A ciki ta faɗi sunayen gonakin tsohuwar tungarmu ɗaya bayan ɗaya, da wanda ke iyaka da wane, da gidajen da suka tashi da inda kowa ya nufa. Wurin nan yau yana ƙarƙashin ruwan Bakolori, masu saninsa kuma sun kusa ƙarewa. Kai ka yi tunanin ɗaukarta, ban sa ka ba, kuma na yaba maka a raina ko da ban faɗa ba. Amma abin da ke cikin filas ɗinka a yanzu, ba kai ba ni, ba wanda ya ji shi ya yi magana. Inda muka tabbata yana magana wuri ɗaya ne, shi ne wanda ka ce a wanke.

Ga maganar dutsen.

Ina 'yar firamare aka ce mu tashi daga tunga, ruwan madatsa zai zo. Aka ce zai kai har tsamiyar da ke bakin maƙabarta, tsofaffi suka ce ba a taɓa yi ba. Ranar da babbar mota ta zo kwasarmu, Inna ta raba wa kowa abin da zai kula da shi. Ni da kawunka Garba aka ba mu dutsen niƙa. Dutsen nan Inna ta gaje shi ne daga tata uwar, kuma ka san dutsen niƙa biyu ne: akwai uwar dutse, babba mai kwari a tsakiya, akwai ɗan dutse da ake murzawa a kanta. Garba ya bi awaki da suka ɓalle, ya bar ni. Na tura uwar dutsen, ko motsi ba ta yi ba. Direba yana ta danna oda. Sai na ɗauki ɗan dutsen na ƙulle a bakin zanena, na ce a raina ai ba nisa, za a dawo a ɗauki babbar. Inna tana saman kaya ta leƙo ta ce, "An ɗauko dutse?" Na ce, "An ɗauko."

Ba a dawo ba. Kowa ya shiga aikin kafa ɗaki a sabon wuri, damina ta faɗi da wuri, hanya ta yanke. Lokacin da mahaifinmu Malam da Garba suka samu komawa, a kwalekwale suka je, kan tsamiyar kawai suka gani.

Inna ta aro uwar dutse a maƙwabta ta gwada da namu ɗan dutsen. Bai zauna ba. Shekarun da suka yi ana murza su tare sun sa kowane ya ci jikin ɗan'uwansa har suka dace, a kan wata uwar kuwa sai ya riƙa rawa, ya niƙe gefe ya bar tsakiya, gari ya fito da tsakuwa. Ta gwada wata, haka. Ba ta dake ni ba, ba ta ma yi dogon faɗa ba. Ta ajiye shi bakin ƙofa, ya zama abin tokare. Daga baya injin niƙa ya zo gari, mutane suka ce ai an huta, ita ma ta kai hatsinta inji kamar kowa. Amma duk baƙuwar da ta yi tuntuɓe da dutsen nan ta tambaya, sai Inna ta ce, "Wanga aikin ɗiyata ne, rabin kaya takan ɗauko." Har na yi aure tana faɗa.

Ban yi ƙarya ba a ranar, ka lura. Dutse aka tambaye ni, dutse kuma na ɗauko. Kai ma ba ka yi ƙarya ba da ka ce ka kwashe komai a filas. Abin da nake so ka koya shi ne, in za ka ƙaura daga wani abu zuwa wani, kada ka tambayi kanka ko ka ɗauko. Ka tambayi kanka ko abin da ka ɗauko yana aiki a inda ka kai shi. Kuma duk abin da ka ji bakinka yana cewa "in an isa za a san yadda za a yi", ka tsaya a nan, domin yawanci shi ne abin da ba a komawa kansa. Sabon wuri yana zuwa da nasa hidimomin. Za ka nemi ɗaki, za ka koyi hanyar ofis, za ka so ka burge waɗanda suka ɗauke ka. Inna za ta zauna cikin filas tana jiranka, filas kuma abu ne kamar ɗan yatsa, yana ɓata a aljihun wando wurin wanki.

Da a ce sau ɗaya na yi wannan kuskure, sai in ce yarinta. Na sake yi ina da 'ya'ya.

Malam, mai sunanka, yana karantar da ɗalibai a zaure bayan mun koma Maradun, wasu daga cikinsu suna ɗaukar karatun a kaset. Akwai kuma wanda ya yi mini ni kaɗai lokacin da zan tare a nan Mafara, nasiha ce da addu'o'i, ya ce tunda na yi boko ba na zama a yi mini magana, to in tafi da maganar a jaka. Da ya rasu na tattara kaset ɗin na sa a adaka. Ban iya sauraro ba a shekarun farko, na ce sai zuciya ta yi sanyi. Ana nan sai faifan sidi ya shigo, kowane gida aka sayi na'urarsa, mu ma muka saya. Rikodar gidan nan tana cin batir, tana tara ƙura, sai na ba wani ƙanen babanka da ke kwana a gona wurin ban ruwa, don ta riƙa ɗebe masa kewa. Ko kaɗan ban haɗa rikodar da adakar a tunanina ba. A ganina rikoda abu ne da ba zai taɓa ƙarewa a kasuwa ba.

Ranar da na ji ina son jin muryar Malam, na aika a karɓo rikodar, aka ce ta daɗe da mutuwa. Na zaga kasuwar Talata, masu kayan wuta suna kallona kamar na tambayi kuɗin wuri. Da ƙyar aka samo wata tsohuwa wurin wani mai gyara. Na sa kaset na farko, zaren ya manne saboda zafi da damshin shekaru, ya ja kaɗan ya tsinke. Na biyu ya juya, amma abin da ya fito ba muryar mutum ba ce, wani gurnani ne mai ja. Wanda ya yi mini nasiha a ciki ban ma sa shi ba, na ji tsoron in gani.

Suna nan a adaka har yau, da rubutun hannuna a jikin kowane. Wanda ya buɗe zai ce Hajiya ta iya ajiya. Kai da ke ɗauke da sunansa ba ka taɓa jin yadda yake magana ba, kuma ba wanda ya jawo haka sai ni. To ka riƙe wannan: ajiya ba a rufe ta a manta. Abin da ka ajiye, ka riƙa buɗe shi lokaci zuwa lokaci kana dubawa, kuma kada ka rabu da abin da ke buɗe shi sai ka ga wani ya buɗe shi a gabanka. Waɗannan na'urori da kuke ɗauka kamar za su dawwama, na ga ƙarshen tafireta, na ga ƙarshen kaset, na ga ƙarshen sidi, duk a cikin rayuwata ɗaya, kuma kowanne ranar da ya zo an ce daga shi an gama.

Akwai wata magana da ba ta shafi Inna ba, amma tunda na ɗauki biro gara in faɗe ta.

Ina kallon hannunka a kan sabuwar kwamfutar nan. In za ka rufe shafi sai yatsanka ya nufi kusurwar da ya saba, ya tarar ba komai a wurin, sannan ya dawo ɗaya gefen. In za ka kwafi rubutu sai ka danna maɓallin da ba shi ba. Na ga ka yi haka ya fi a ƙirga, kuma duk lokacin da babanka ya ce me ya faru, sai ka ce ba komai, haka tsarin yake. Ba haka tsarin yake ba, kai ne ba ka iya ba tukuna. Wannan ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne abin da ni na yi.

Lokacin da aka kawo mana kwamfuta a sakatariya, ni ce wadda ta fi kowa sauri a tafireta, duk takardar da ake so da gaggawa teburina ake kawo ta. Akwai wata abokiyar aikina, Madam Rahila, mutuniyar Zuru, ita aka tura kwas ta dawo don ta koya mana. Na ga ai maɓallan nan su ne dai na tafireta, me za ta koya mini. Ta zo teburina ta ce in matsa ta nuna mini yadda ake adana aiki, na ce ta je wurin sababbin, ni na gane. Na riƙa dukan maɓallan da ƙarfin da na saba, har ta juyo daga nata teburin ta ce, "Hajiya, a hankali, ba sakwara kike kirɓawa ba." Aka yi dariya, ni ban yi ba.

Wata safiya aka ba ni rahoton wani dogon taro da ake jira kafin a tashi aiki. Na zauna na buga shi tun daga farko har kusan ƙarshe, ban ɗaga kai ba. Sai aka ɗauke wuta. Da aka tayar da janareta na kunna, farin shafi na tarar. Na ce na'urar ce ba ta da kirki, tafireta ba ta taɓa cinye mini aiki ba. Madam Rahila ta ci gaba da aikinta. Da aka watse ta jawo kujera ta nuna mini maɓalli biyu, waɗanda tun ranar farko ta so nuna mini. Ta zauna tana karanta mini rubutun ina sake bugawa har muka gama, ita da ba aikinta ba.

Za ka shiga cikin mutanen da suka daɗe da wannan tsarin a hannunsu. Ka tambaya tun kana baƙo. A makonnin farko duk tambayar da ka yi za a ce sabo ne, in ka bari ka kwana biyu kana nuna ka iya, ranar da ka tambaya za a ce ashe tun can bai iya ba. Kuma kada ka zaɓi wanda za ka tambaya saboda matsayinsa ko garinsu ko addininsa. Wanda ya sani shi ne malaminka a wannan abin, ka gode masa. Digirinka na gaske ne, amma bai koya wa yatsunka inda maɓalli yake ba.

Bayan na iya kwamfuta sai na zarce, na zama ni ce kan gaba wajen cewa a kwashe tafiretocin nan a kai sito, sun tsufa, suna ba ofis kunya. Aka kwashe. Da aka shiga wani dogon rashin wuta, janareta kuma ya lalace, ni aka aika sito in kakkaɓo ɗaya, ribin ɗinta na tawada ya bushe, haruffa sun cije. Na tuna da wannan ne da na ji ka kira tsohuwar kwamfutarka akwala a gaban ƙannenka. Albasar babanka ta rani guda ce ta saye ta, shi ya yi ta tsayuwa a bakin kwatar ban ruwa yana jiran ranar ruwansa. Da ita ka yi karatunka tun daga farko har ka gama. Mutumin da ya saba zagin abin da ya gama amfani da shi, wata rana mutane zai yi wa haka, ba tare da ya lura ba. Ka sauya abin da za ka sauya, ban hana ba, ni ma na ga sabuwar ta fi. Amma ka sauya da bakinka a rufe.

Sannan ka tuna sabuwar nan ba taka ba ce. Ta wurin aiki ce, amana ce aka ba ka. Ranar da kuka rabu, ko da daɗi ko ba daɗi, za su karɓi abinsu su wanke su ba wani, kamar yadda ka so a yi wa tsohuwar. Kada ka mai da ita rumbun gidanku. Abin da yake na iyali ka ajiye shi inda yake naka, kuma ba wuri ɗaya ba. Kada ka zuba mata abin da za ka ji kunya in shugabanka ya buɗe. Kada ka ba aboki aronta don a ce kana da kirki. A hanya kuma ka bar ta cikin jakar kaya, kada ka fito da ita a tasha ko cikin mota don a gani. Ka ji da kunnenka abin da 'yan'uwanmu na Gidan Goga suka ba da labari na masu tare hanya da suka zo gaisuwa, ba sai na maimaita ba. In la'asar ta yi muku a gari, ku kwana a garin.

Game da Bashiru, ba za ka ji kunya ba, na riga na gyara. Na kira gwaggonka Asabe na gaya mata komai. Ta ce, "Hajiya, ke dai an yi miki ritaya amma ba ki sauka daga sakatariya ba, har jakar yara kike bincike." Na ce in ta ga dama ta kai ƙara wurin wanta, ga shi nan zaune. Ta yi dariya ta ce Bashiru zai jira, amma in sani yana da aikin kammala karatu da zai buga in an koma makaranta bayan Sallah. Saboda haka alkawarinka yana nan, kwamfutar tasa ce, ba na riƙe ta don in hana shi. Kai ne za ka sa ya same ta da wuri ko ya makara. Ka ba shi haƙuri da bakinka, kada ka ce laifin Hajiya ne.

Babanka ma ya sani. Ya ce me zai hana in faɗa maka baki da baki in bar wannan dabara. Na ce na faɗa, ka ce to. Sai ya ce ai yaron gado ya yi, a gidan su uwarsa ma an taɓa cewa an ɗauko.

Ga sharaɗina, ba shi da yawa. In ka isa ka natsu, ka nemi manhajar da ka ce. In ta buɗe, kada ka saurari farkon ɗaya ka ce sun yi. Ka bi su duka, kowanne daga farko har ƙarshe, ka juya su zuwa sautin da kowace waya ke ɗauka. Ka turo mini a wayata, ka tura wa kawunka Garba a Maradun, ka ajiye naka. Ranar da na kunna a wayata na ji Inna ta yi magana har ta kai ƙarshe, a ranar zan ba direban Gusau kwamfutar ya kai wa Bashiru, ya wanke ta yadda yake so. In kuwa ta ƙi buɗewa a can, kada ka ɓoye mini, kada kuma ka ba wani gwani filas ɗin ya yi ta gwaji a kai. Ka bari sai ka zo Sallah, ka zauna gaban tsohuwar a ɗakina ka yi aikin da na ce ka yi shekaranjiya. Ni ba zan taɓa komai a cikin manhajar nan ba bayan kunnawa, ban san ta ba, kuma na daina danna abin da ban sani ba.

Na ce bayan kunnawa, don yau da ka tafi Bakura na kunna. Lambar sirrin tana nan yadda ka gaya mini lokacin da nake buga jarabawar Islamiyya. Ta ɗauki lokacinta kafin ta tashi, kamar yadda ka ce, na jira. Na zaɓi ɗaya daga tsakiya ba tare da na san wace ce ba. Aka fara da kukan kaji, sai tarin Inna, sai ta ce, "Kai, ka kunna abin naka? To matso shi kusa, ban iya ɗaga murya." Ta ba ka labarin ranar da muka taso, ta faɗi wanda ya hau mota da wanda ya bi jakuna a ƙasa. Ta zo kan dutsen, ta ce, "Ni ko nac ce an ɗauko dutse, tac ce an ɗauko." Kai kana ta dariya a ciki. Ashe a ranar ina gidan, ina madafa. Sai na ji ta ɗaga murya, ita da ta ce ba ta iyawa, ta ce, "Marka! Kina jina ko?"

Ba ka taɓa jin wani ya kira ni da wannan suna ba sai ita. Cikin marka aka haife ni, shi ya sa. Malam ya tafi, yayyena mata sun tafi, Garba Hajiya yake ce mini tun da na sauke farali. Ba kowa a ɗakin yau sai ni da kwamfutar da ka ce a wanke. Na amsa.

Dutsen ka tafi da shi Abuja. Ka ajiye shi a kan teburin da za ka riƙa ɗora sabuwar, inda idonka zai riƙa faɗawa kansa. In aikin ya kammala ka dawo mini da shi, ƙofar ɗakina tana buƙatarsa.

Ka gaishe da gwaggonka da mutanen gidan duka. Ka kula da salla a kan lokacinta, ka nemi masallaci kafin ka nemi wurin cin abinci. Allah Ya kiyaye hanya, Ya raba ka da sharrin mutum da na ƙarfe, Ya haɗa ka da abokan zama na gari. Allah Ya jiƙan Inna da Malam, Ya kai haske kabarinsu. Allah Ya yi maka albarka, Ya dawo mana da kai lafiya. In ka sauka ka kira babanka, zai gaya mini.

Wassalam.

Mahaifiyarka.